Farar Ƙasar Inna da Kwalbar da Na Kawo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban yara da yaran gaba ɗaya. Yaya ƙafar nan taki da kika ce tana kumbura in kin daɗe a tsaye? Allah ya sawwaƙe, ki riƙa ɗora ta a kan matashi in kin dawo daga aiki. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta, ya sa ta huta. Mu nan lafiya lau muke, sai kewa. Kawu ya samu sauƙin tarin nan nasa, har ya koma zaman ƙofar gida yana yi wa masu wucewa faɗa, kin ga kuwa lafiya ta samu. Gidan ne dai ya yi mana girma. Wata biyu ke nan da rasuwar Inna, amma har yanzu in na dawo daga shago sai na yi sallama a ƙofar ɗakinta kafin in tuna.

Yaya, na ɗauki waya sau uku zan kira ki, ina ajiyewa. Na san in na ji muryarki ba zan iya kai maganar ƙarshe ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko da yake kin san karatuna bai yi nisa ba. Ki yi haƙuri da rubutun, ki karanta har ƙasa kafin ki yanke mini hukunci.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, ina tsaye a gaban kantar kemis ɗin nan na bakin titi. Matar da ke riƙe da shi, wadda Inna ke kira Mai Gilashi, ta shimfiɗa wata takarda a gabana, ta ɗora yatsa a kan layi na huɗu, sannan ta gangara zuwa na biyar da na shida, ta ce da ni waɗannan ne suka ƙona fuskar Inna. Ba farar ƙasarta ba ce. Kwalbar da na kawo mata ce, wadda na riƙa shafa mata da hannuna. Wani mutum yana bayana yana jiran maganin ciwon kai, fanka na juyawa a sama, ita kuwa ta zagayo ta ba ni kujerarta. Abin da na rubuto in faɗa miki ke nan. Sauran duk bayani ne na yadda aka yi.

Kin fi ni sanin sana'ar Inna, don ke ce mai tankaɗe, ni ce mai gudu in an fito da rariya. Kin tuna yadda take jiƙa farar ƙasa a baho, ta tace, ta shanya a manyan faranti ta lulluɓe da farin ƙyalle don kada ƙura ta sauka, ta daka, a tankaɗe har sau uku, sannan ta shiga ɗaki ta yi haɗinta ta zuba a kwalaben da ta dafa a ruwan zafi. Kin tuna ba ta taɓa miƙa wa mace kwalba ranar farko. Sai ta kwaɓa ɗan kaɗan ta shafa mata a bayan kunne, ta ce ta je gobe ta dawo a duba. Mata suna mita, suna cewa Inna ta fi likita jan rai, ita kuma tana cewa fuska ba bangon ɗaki ba ce da za a yaɓa mata ƙasa a wuce. Da wannan bahon ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Na san wannan kamar yadda na san sunana, amma sanin bai hana ni komai ba.

Shekara shida ke nan ina aiki a shagon kayan kwalliya. Ba ki taɓa shigarsa ba, amma kin san irinsu: madubai ko'ina, fitilu a ƙarƙashin kowane katako, ƙamshi tun daga bakin ƙofa. Tun da na fara aiki a can na fara jin kunyar bahon Inna. Akwai ranar da wata abokiyar aikina ta tambaye ni sana'ar mahaifiyata, na ce ba ta komai, tana gida. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai ke yau. In na dawo na ga farcenta da farin gari, na ga kwalabenta marasa takarda a jere a taga, sai in ji raina ya ɓaci ba tare da ta yi mini komai ba.

To, sai aka kawo mana wani sabon kaya, haɗin ƙasa ne shi ma na shafa wa fuska, a farar kwalba mai murfi ruwan zinariya, da hoton wata mace mai fuska kamar an ɓare dafaffen ƙwai. Na saya wa Inna guda. A bakina kyauta ce, amma a zuciyata so nake ta ga yadda ake yin abin a wurin waɗanda suka iya. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta buɗe ta shinshina, ta ce lallai wannan baƙuwa ta fi mu duka yin wanka. Daga ranar sunan kwalbar ya zama Baƙuwa. Na ce ta kawo in shafa mata, ta ce a bari sai wani satin. Na ɗauka jan aji ne. Yanzu na ji daga bakin Mai Gilashi cewa bayan kunnenta ta shafa, kamar yadda take yi wa kowa, kuma washegari wurin ya yi ja.

Da ranar hutuna ta zagayo, na matsa mata. Na zaunar da ita a kujerar nan 'yar tsugunno a bakin ƙofar ɗaki, na tura ɗankwalinta baya, na lakato na fara shafa mata daga goshi zuwa kumatu. Ta rufe ido. A shago an ce a bar shi kwata na awa, amma ko minti biyar ba a yi ba ta ce ya isa haka, za ta yi alwala. Na yi mata dariya, na ce ita da ke sa mata jiran kwana guda, ga shi ta kasa jiran minti goma sha biyar. Ta ce tsufa ne, ba ya son zama wuri ɗaya. Haka muka yi ta yi duk ranar hutuna. Ni ina jin daɗi wai ina wayar da ita.

A sati na uku kumatunta suka yi ja, gefen hancinta ya fara saɓa, in ta yi murmushi sai ka ga fatar kamar za ta tsage. Na tambaye ta, ta ce zafin rana ne. Ni kuwa ko sau ɗaya ban kawo Baƙuwa a raina ba. Yaya za a yi abu mai murfin zinariya ya ɓata fuska? Sai na dubi bahon.

Yaya, ranar da na gaya miki a waya, ban gaya miki duka ba. Ce miki na yi na hana ta sana'ar. Ga yadda na hana ta. Na dawo daga shago da la'asar na tarar da Mai Ɗinki, maƙwabciyarmu ta gida na uku, wadda ta fi shekara ashirin tana karɓar haɗin Inna, tana zaune a benci ita da wasu mata biyu suna jiran kwalabensu. Inna na tsugune a gaban baho, hannunta dumu-dumu, rana ta haske kumatun nan jajaye. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ajiye jaka, na ɗauki bahon da ƙasar da ta yi sati biyu tana tacewa, na kai bakin kwata na juye. Na ce ƙazantar nan ce ta ɓata mata fuska, kuma haka za ta ɓata ta mutane in ba a hana ta ba. Na ce su dube ta da kyau kafin su shafa. Da ƙarfi na faɗa, don har Kawu ya leƙo daga waje. Farin ruwan ya bi kwata ya fita titi kowa na gani.

Inna ta tashi ta ɗauko bahon, ta ɗauraye, ta kife shi a jikin bango, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci. Mai Ɗinki ta riga ta saka kwalbarta a jaka. Ina kallo ta ciro ta a hankali ta mayar kan taga, ta ce ta tuna ta bar ƙarfen guga a kunne. Sauran biyun suka bi bayanta. Daga ranar babu macen da ta sake zama a bencin nan. Da yamma na kira ki na ce ƙasar Inna ta cinye mata fuska, kika ce in ba ta wayar. Ina tsaye ina jin abin da take ce miki, to, to, na ji, Allah ya yi albarka. Kin yi mata faɗa ne saboda kin yarda da ni, kuma saboda kina nesa kina tsoro. Faɗan nan nawa ne, na ara bakinki ne kawai. Ki yafe mini.

Abin bai tsaya nan ba. Na ƙara shafa mata Baƙuwa har sau biyu, da kauri ma, wai don ta gyara ɓarnar da ƙasa ta yi. A karo na uku da na nema, sai ta ce kwalbar ta ɓata, ƙila Kawu ne ya ɗauka a zaton man takalmi ne. Har na je na titsiye Kawu, ya rantse ya ce shi takalminsa ma na roba ne. Bayan kwana goma fuskar Inna ta warke sumul. Na ce da ita ta gani ko, tun da ta bar taɓa ƙasa ga shi ta warke. Ta ce lallai na yi gaskiya, ilimi daɗi. Na ji wannan magana na yi ta fara'a, Yaya. Wata huɗu bayan nan ciwon zuciyarta ya tashi, kin san sauran. Na tambayi Mai Gilashi ko akwai haɗi tsakanin abin da na yi da ciwon, ta ce babu, ciwon ya daɗe tare da ita. Na yarda da ita. Amma watanni huɗun nan na ƙarshe Inna ta yi su ne a zaune, hannu biyu a cinya, ba baho, ba mata a benci, ba hira. Wannan ba ciwo ne ya jawo ba.

Satin da ya wuce na daure na fara gyaran ɗakinta. A bayan akwatin ƙarfe, can ƙarƙashin gado, na ga wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Baƙuwa ce, saura rabi. A cikin gwangwanin biskit ɗin da take ajiye katin asibiti da hotunanmu kuma na ga wata takarda an ninke ta huɗu, rubutun hannun wani, an ja layi an raba ta gida uku, ga hatimin kemis a ƙasa da kwanan wata. Kin san Inna ba ta karatun boko. Na karanta ban gane kanta ba, shi ne na ɗauka na tafi kemis.

Mai Gilashi na ganin takardar ta cire gilashin ta goge, ta ce ta daɗe tana tunanin ko zan zo. Ta ce Inna ce ta shigo mata wata safiya da kwalbar a cikin jaka, ta ce a karanta mata ƙananan rubutun da ke baya, ɗaya bayan ɗaya, a faɗa mata da Hausa. Da aka gama, Inna ta ce bai kamata a yi wa baƙuwa shari'a ita kaɗai ba, a sauko da wata irinta daga kan katako a ji. Aka sauko da wata koriyar kwalba. Sannan ta ce a buɗe gida na uku a rubuta nata, don ita ma a auna ta.

A nan ne na koyi abin da ya kamata in sani tun ranar da na fara aiki. Ashe rubutun bayan kwalba a jere yake bisa yawa: abin da ya fi yawa a ciki shi ne na farko, a yi ta gangarowa har zuwa mafi ƙanƙanta. Shekara shida ina miƙa wa mata kwalabe, gaba nake nuna musu, ban taɓa juya ko ɗaya ba. A gidan farko, na Baƙuwa, an rubuta ruwa, sai wata kalma wai kawolin, sai gilisarin mai riƙe danshi, sai sipirit, sai wani asid mai saɓe fata don sabuwa ta fito, sai turare, sai kala, sai maganin hana lalacewa. Mai Gilashi ta ce da Inna ta tambayi mene ne kawolin aka ce mata farar ƙasa ce, sai ta yi dariya har da riƙe kanta, ta ce ashe 'yar uwarta ce ta je makaranta ta dawo da sabon suna. Ƙasar da na juye a kwata na kira ƙazanta, ita ce ta biyu a jerin kwalbar da nake taƙama da ita.

A gida na biyu, na koriyar, ƙasar wata iri ce, sunanta ya fi ƙarfin bakina. Mai Gilashi ta ce ita wannan kumbura take in ta sha ruwa, kuma tana zuƙe maiƙon fuska da ƙarfi, don haka ta fi dacewa da masu fuska mai maiƙo, amma in busasshiyar fata ta samu sai ta ƙara busar da ita. Babu asid a cikinta, amma akwai turare. A gida na uku abu biyar ne kacal: farar ƙasa, garin shinkafa, garin ganye, sai zuma da ruwa da mace za ta zuba da kanta ranar da za ta shafa. Mai Gilashi ta ce dabarar Inna ke nan, da yake gari take bayarwa busasshe, a kwaɓa na rana ɗaya kawai, ba ya bukatar maganin hana lalacewa.

Ba na so in yi wa kwalbar nan ƙarya kamar yadda na yi wa baho. Mai Gilashi ta ce Baƙuwa ba guba ba ce. Budurwa mai maiƙon fuska da ƙuraje za ta iya shafawa ta ji daɗi. Amma ga tsohuwa mai siririyar fata busasshiya, sipirit da asid da turare a haɗe wuta ne. Ta juya kwalbar ta nuna mini, can ƙasa, an ma rubuta a gwada a ƙaramin wuri tukuna, kuma a daina in fata ta yi ja. Abin da Inna ke yi a bayan kunne tun kafin a haife ni, su ma shi suka rubuta. Ta kuma ce ba kowace ƙasar gida ce abin yarda ba, akwai wadda ake kwasowa ko'ina da datti a ciki, kuma ta faɗa wa Inna haka a fuskarta. Inna ta zauna ta lissafa mata inda take sayen buhunta da yadda take tacewa da dafa kwalabe, har Mai Gilashi ta ce da ita to ai ta fi wasu masu takarda tsabta.

Sai na dubi kwanan watan da ke ƙasan takardar. Yaya, kwana tara ne kafin ranar da na juye baho. Ke nan ranar da nake tsaye a tsakar gida ina ɗaga murya a gaban Mai Ɗinki, takardar nan tana cikin gwangwani, taku biyar daga inda Inna ke tsugune. Da ta tashi ta ɗauko ta miƙa wa matan nan, da an gane wadda ta ɓata fuskar wa. Sunanta zai fita, nawa ya shiga kwata. Ta zaɓi ta ɗauraye baho.

Na tambayi Mai Gilashi me ya sa to ta ci gaba da bari ina shafa mata, tunda ta sani. Ta ce ita ma ta yi wa Inna wannan tambayar, har da faɗa, ta ce ta daina tun fuskar ba ta yi rauni ba. Inna ta ce mata za ta daina, amma a ɗan ƙyale ta tukuna. Ta ce yarinyar nan tun da ta girma ta fara aikin shago ba ta ƙara taɓa fuskarta ba sai da kwalbar nan ta shigo gidan, kuma minti biyar ba ya kashe mutum. Wai hannuna sanyi gare shi kamar na Baba. Ban san lokacin da na fito daga kemis ɗin ba. Na dai ga kaina a bakin kwatar nan tamu, ina kallon wurin. An yi ruwan sama sau da yawa tun ranar, babu ko alamar fari.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Da Mai Ɗinki ta zo yi mana gaisuwa, ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce Allah ya yafe wa Inna, ta san ba da gangan ta yi ta ba mutane abin da ke ɓata fuska ba, rashin sani ne irin na mutanen da. Ta ce Allah ya saka mini da na yi ƙarfin halin faɗar gaskiya. Na ce amin. A gaban mata cike da ɗaki na ce amin. Kin san bakin Mai Ɗinki, ba mugunta gare ta ba, amma duk wadda ta kawo ɗinki sai ta tafi da labari a kan kayanta. Yanzu duk layinmu da na bayanmu abin da aka sani ke nan: Inna ta yi shekara talatin tana sayar wa mata abin da ya ƙare da cin fuskarta, sai da 'yarta mai aikin shago ta tona. Da wannan sunan aka binne ta, kuma ni na raɗa mata shi.

Na koma aiki washegarin ranar da na je kemis, don zama ba zai yiwu ba. Baƙuwa tana nan a jere a kan katako, guda goma sha biyu, fitila na haska murfinsu. Yanzu duk kwalbar da na ɗauka sai na juya bayanta na bi da yatsa, in na ci karo da kalmar da ban sani ba in rubuta a takarda in kai wa Mai Gilashi. Uwar ɗakina ta ce ko jarrabawa zan zauna ne ban gaya mata ba. Jiya wata dattijuwa ta shigo da 'yarta za su sayi Baƙuwa, na ce ta shafa kaɗan a bayan kunne ta kwana tukuna. 'Yar ta harare ni, ta ce su ba ƙauye suka zo ba. Na ga kaina a fuskarta sak, har yadda take riƙe jaka. Ban ji haushinta ba. Na dai maimaita wa uwar a hankali.

Ina da roƙo ɗaya. A gida na uku an rubuta garin ganye ne kawai, don Mai Gilashi ta ce da ta tambayi wane ganye, Inna ta kashe mata ido ta ce ai ba a ba likita duka sirri. Awon ma babu. Ke kika zauna da ita a ɗaki lokacin haɗi, ni ina waje ina wasa. In kin tuna ganyen, da ludayi nawa na ƙasa ake zuba wa nawa na shinkafa, ki rubuto mini. Ba wai zan buɗe sana'a ba ne, ban isa ba. Rabin buhunta yana nan a bayan ƙofa, rariyar tana rataye a ƙusarta, bahon yana kife inda ta kife shi. So nake in yi kwalba ɗaya tak, daidai yadda take yi, in fara gwadawa a bayan kunnena. In kuma kin ga ban cancanta ki ba ni ba, ba zan ce kin yi laifi ba.

Ki gaishe mini da Baban yara da kyau, ki ce ina godiya da ɗawainiyar da ya yi. Ki gaishe da Dogo, ki ce ya rage tsawo haka ya bar wa ƙannensa. Ki shafa mini kan Ƙarama da takwarar Inna, Allah ya raya su, ya sa su fi ni jin ƙan uwa. Kawu yana gaishe ki, ya ce ki daina aiko masa da hula, kansa ɗaya ne. Mai Gilashi ma ta ce in gaishe ki ko da ba ta san ki ba, wai Inna ta cika ta da labarinki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya gafarta wa Inna da Baba, ya yafe mini.

Ni ce ƙanwarki,
Auta

Takardar kemis ɗin tana cikin jakata tun ranar Talata. Sau biyu na je har ƙofar Mai Ɗinki, na ji kekenta na aiki da muryoyin mata a ciki, na juyo. Dole in shiga lokacin da suke cike, in karanta musu gida ukun nan da bakina, in faɗi wadda ta shafa. Har yanzu ban shiga ba.